Inda Muryar Ɗan'azumi Ta Tsaya

Ni tela ne, sunana Rafi'u. Shekara talatin na yi ina auna cikin mazan unguwarmu da ke bayan Ruwais a Jidda, saboda haka in na ce na san su, to na san su har inda suke ɗaura wando.

A shekarar 1968 unguwar kashi biyu ce. Akwai masu bulo, gida goma sha tara, kowanne da katanga da ƙofar ƙarfe, sun kewaye ɗan masallacinmu kamar sun kama ɓarawo. Akwai kuma masu sandaƙa, gida arba'in da shida, sun yi dogon layi daga bayan shagona har can inda ƙasa ke fara fitar da gishiri. Sandaƙa ɗaki ne na katakon akwatunan jirgin ruwa da rufin kwano, ba tushe, ba daɓe, sai ƙasar Allah da tabarma. Dukkanmu Hausawa ne, kuma dukkanmu a sandaƙa muka fara. Masu sandaƙa ne ma suka gina masallacin tun wurin ba kowa. Da Allah ya buɗa wa wasu, sai suka riƙa sayen filin da ke kusa da shi. In sun saya, sai a tara maza a cicciɓi ɗakin ɗan'uwa a matsar da shi baya, bana taku goma, baɗi taku ashirin.

Masu bulon nan abin kallo ne. 'Yan kwangila shida, masu sayar da zinariya uku, dillalan alhazai huɗu, sauran kuwa ba wanda ya san sana'arsu, sai dai a ga suna ta ƙiba. Bakwai haifaffun Jidda ne, biyar iyayensu daga Sudan suka ƙetaro, ragowar bakwai in ka tambaye su asalinsu sai tari ya sarƙe su. Motoci ashirin da biyu gare su, waɗanda suka iya tuƙi tara. A kasuwa Larabci suke yi zalla, amma da yunwa ta taɓa su sai a aiko a ɓoye a sayo tuwo da miyar kuka a layin sandaƙa. Abin da suka fi ji da shi kuwa shi ne kandishan, wani akwatin ƙarfe da ake cusawa a bango, yana hura sanyi yana ruri kamar injin niƙa. Wanda ba shi da kandishan biyu ba ya buɗe baki a taronsu.

Ana nan sai umda ya zo da magana. Umda shi ne mai unguwar da hukuma ta sani, sunansa Hamad, wani siririn dattijon Balarabe daga Ruwais, mai son a gama kowace magana kafin shayinsa ya huce. Ya ce wurinmu ya yi girma, za a buɗe masa daftari na kansa, mu kuma zaɓi mutum ɗaya ya zama shehin unguwa, mai magana da yawunmu a baladiya, wato ofishin hukumar gari. Duk gidan da ya shiga daftari yana da ƙuri'a ɗaya, za a ja masa famfo, kuma ba mai taɓa shi. Gidan da bai shiga ba, a takarda fili ne kawai, ranar da mai kuɗi ya ga dama sai ya zo da leburori.

Mutum biyu suka fito neman kujerar. Na farko Saleh ɗan kwangila, babban masu bulo, mai kandishan biyar. Na biyu Usman Na'ibi mai tsire, wanda ke zaune a sandaƙa amma idonsa kullum na kan katangar mutane.

Ko jaki ya san arba'in da shida ya fi goma sha tara, Saleh kuwa ba jaki ba ne. Ranar da aka taru a harabar masallaci, ya miƙe ya gyara rigar da ni na ɗinka masa, ya ce:

"Ya umda, kafin a yi zaɓe, ina iyakar unguwar? Malamai sun ce maƙwabcin masallaci shi ne mai jin kiran salla. Halas, magana ta ƙare. Ladanmu ya hau ya kira azahar. Gidan da aka ji, ɗan unguwa ne. Gidan da ba a ji ba, ma'alesh, sai haƙuri, Allah ya ba shi wata unguwar."

Ya kuma kafa sharuɗɗa da bakinsa. Murya tsura, ba lasifika. Sau ɗaya tak, ba maimaici. Shaidu daga wata unguwa za a kawo, ɗaya a kowane gida, kowa ya zauna inda maigida ke saukar da baƙonsa. Masu gidajen kuwa duk su hallara a masallaci, don kada wani ya zunguri shaida.

Usman ya yi tsalle ya ce ya yarda, don shi muryar ladan ta shekara ashirin da suka wuce yake tunawa. Umda ya leƙa kofinsa, ya ga shayi ya fara hucewa, ya ce, "Tayyib, ranar Alhamis ta sama." Haka iyakar unguwa guda ta koma cikin maƙogwaron tsoho ɗaya.

Tsohon shi ne Malam Ɗan'azumi. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa yana saurayi, shekara bakwai a hanya, kuma shekara talatin da biyar yana hawa tsanin masallacin nan sau biyar a rana. A da, in ya buɗe murya masunta a cikin teku sukan san lokaci ya yi. Yanzu kuwa sai dai a ce alhamdu lillahi. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ɗakinsa a da yana jingine da bangon masallaci, amma duk sanda aka ce Malam a ɗan matsa, sai ya ce to. Sau biyar ana matsar da shi, har ya zama shi ne na arba'in da shida, na ƙarshe a layi, daga shi sai gishiri. Takardar zamansa kuma, iƙama, da sunan Saleh take, don shi ne kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wajen hukuma.

Wani zai ɗauka hankalin tsohon zai tashi. Ko kaɗan. Ya zauna a bencin shagona ya miƙe ƙafa ya ce, "Tela, ni ba ruwana da fargaba. Kullum in na koma gida matata Larai takan ce, na ji ka Malam, yau har kwanon rufi ya amsa. In har na ƙarshe na ji, ai kowa na ji."

Daga ranar aka fara yaƙin neman zaɓe, kuma ba wanda ya nemi ƙuri'ar kowa. Maƙogwaro aka sa a gaba.

Saleh yana son muryar ta shaƙe ta tsaya a katangun bulo, don haka ya ɗauki ɓangaren sanyi. Da safe a aika wa ladan ƙanƙara a buhu, da rana kankana mai sanyi, da yamma a kira shi cin abinci a zaunar da shi daidai bakin kandishan. Saleh ya riƙa dafa kafaɗarsa yana cewa, "Ya ammi, kar ka wahalar da kanka. Shuwayya shuwayya, a hankali dai. Allah na ji ko da raɗa ka yi. In ma ɗakinka bai shiga ba, ga garejina, rabi mota rabi kai." Daga nan sai ya tambaye shi ko iƙamarsa ta kusa ƙarewa, kamar dai hira ce.

Usman ya ɗauki ɓangaren zafi. Zuma, citta, kanumfari, man shanu, ɗanyen ƙwai uku kowace safiya, da tsire mai yajin da ke sa namiji kuka. "Baba Ladan, buɗe shi duka! Yalla, har mutanen unguwar Nuzla su ji!"

Malam Ɗan'azumi bai iya mayar da kyauta ba. Ya sha ƙanƙara ya bi da citta, ya ci kankana ya bi da yaji. Cikin mako guda ya yi kumatu, ya kuma kamu da mura. Ni dai na ga riba, don sai da na buɗa masa riga.

Ana saura kwana uku, matarsa Inna Larai ta shigo shagona da rigar a hannu, a ƙara mata faɗi karo na biyu. 'Yar gajeriyar tsohuwa ce, mai bakin da ya fi almakashina kaifi. Ta leƙa waje, ta dawo ta tsaya a kaina.

"Rafi'u, bakinka na ɗinkuwa?"

"Inna, ai ɗinki sana'ata ce."

"To ɗinke shi. Shekara shida rabon da in ji kiran mutumin nan daga ɗakina."

Na tsayar da keke. "Amma kullum kina ce masa har kwano na amsawa."

"Inuwar randa nake kallo. In ta taɓa dutsen murhu na san ya hau. Kwano kuwa zafi ke sa shi ƙara, ba muryar kowa ba."

"Inna, ai sai ki gaya masa, ya san abin yi. Ɗakinku ne fa za a ce fili ne."

"Na fi ka sanin ɗakina ne. Ni ba zan ƙare rayuwata a garejin Saleh ina gaisawa da taya ba." Ta shafa wuyan rigar. "Kai dai in kana kusa da shi ranar, ka ce masa ya ƙara. Kar ka ce ni na ce."

Ta fita ta bar ni da riga da magana, kuma maganar ta fi rigar nauyi. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa da wa zan yi fushi, sai na yi da allura.

Ranar Alhamis da hantsi babbar mota ta sauke dattawa sittin da biyar daga unguwannin Sa'alaba da Nuzla, masu gyaran takalma, 'yan dako da suka ajiye aiki, masu sayar da goro. Kowanne aka ba shi 'yar farar tuta, ni na ɗinka su da ragowar yadi. Wanda ya ji kira sai ya fito ƙofar gida ya ɗaga tasa. Da yake ni na san adadinsu, umda ya ce in hau rufin masallaci tare da shi in taya shi ƙirga.

A layin sandaƙa ba a yi wata hidima ba. Aka shimfiɗa wa kowane shaida tabarma, aka ba shi ruwan randa, aka bar shi da ƙudaje. Duk wanda ya taɓa zama ƙarƙashin rufin kwano da tsakar rana a Jidda ya san ko sata ka yi ba za ka iya runtsawa ba.

Masu bulo kuwa abin ya zame musu gasa. Baƙo daga wata unguwa zai shiga falonka, ya koma ya ba da labari? Tun jajibere ake yanka raguna. Kowa ya ja shaidansa da hannu biyu zuwa ɗakin baƙi, aka zaunar da shi a kan katifa mai taushi, aka jibge masa shinkafar madara da naman rago, aka bi da lemo mai sanyi. Aka rufe tagogi, aka saki labule, aka murɗa kandishan har ƙarshe. Na ji Saleh da kunnena yana cewa, "Kada a koma Nuzla a ce gidan Saleh da zafi." Shi kandishan biyu ya kunna wa nasa shaidan, ya ƙara masa da matashi. Daga nan suka ja ƙofofin ƙarfensu suka taho masallaci suna sakin gyatsa, kamar yadda sharaɗi ya ce.

Rana ta take. Harabar masallaci ta cika da magidanta sittin da biyar da 'yan kallo. Malam Ɗan'azumi ya hau tsani da ƙyar, sabuwar ƙibarsa na jan shi ƙasa, ya iso rufi yana haki, ya fyace hanci. Daga ƙasa Saleh na yi masa alama da tafin hannu, a hankali, a hankali. Usman na ɗaga hannu biyu sama kamar mai korar tsuntsaye daga gona.

Na matsa kusa da shi. "Baba, yau iska ba ta tare da mu. Ka ƙara."

Ya dube ni. "Larai na ji ko da iska."

"Na sani. Ka dai ƙara."

Ya daɗe yana kallona, har na sunkuyar da kai. Ya leƙa ƙasa wajen Saleh, ya dubi can ƙarshen layi inda ɗan rufinsa ke ƙyalli. Sannan ya juya wa masu bulo ƙeya, ya toshe kunnuwansa da yatsu, ya ja numfashi.

Ban taɓa jin abu irin wannan ba. Muryar ta fito a shaƙe, ta karye, ta miƙe, ta sake karyewa, amma bai sake ta ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, gumi ya jiƙa rigar da na buɗa sau biyu. Citta da ƙanƙara suka yi ta kokawa a maƙogwaro ɗaya, kuma a ganina citta ce ta yi rinjaye.

Tuta ta farko ta tashi a bayan shagona. Ta biyu, ta uku. Suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya a layin sandaƙa, ni ina ƙirgawa a fili, umda na gyaɗa kai. Ashirin. Talatin. Usman ya fara rawa a harabar masallaci, sai da aka tuna masa inda yake. Arba'in. Arba'in da uku. A gidan Othman mai goro, na arba'in da biyar, shaida ya fito yana jinkiri, ya karkata kai, sannan ya ɗaga.

Ladan ya kai ƙarshen kira ya sauke hannuwansa. A ƙofar ɗaki na arba'in da shida wani dogon mutum na tsaye, hannu ɗaya a bayan kunne, tuta a ɗaya hannun tana kallon ƙasa. Muka jira. Bai ɗaga ba.

"Arba'in da biyar," in ji umda. Sannan ya juya ɓangaren masu bulo. "Waɗannan fa?"

Sai a lokacin kowa ya tuna da su. Ƙofofin ƙarfe goma sha tara, duk a rufe. Ko kyanwa ba ta fito ba. Ba abin da ke tashi sai rurin kandishan.

Bayan an idar da salla aka ɗunguma gidan Saleh, shi a gaba yana tuntuɓe da rigarsa. Aka tura ƙofar ɗakin baƙi, sanyi ya buge mu. Ga shaida nan ya miƙe a kan katifa, baki buɗe, ƙashin rago a hannu ɗaya, ya lulluɓe fuska da tutata yana minshari. Da aka tashe shi ya yi miƙa ya ce, "Alhaji, Allah ya saka da alheri. Rabona da barci irin wannan tun ina cikin mahaifiyata." Haka aka tarar a gida goma sha takwas. A na goma sha tara shaidan idonsa biyu, amma ya rantse shi ba abin da ya ji sai injin, kuma ya ɗauka azahar da saura.

Saleh ya haukace. "Ya umda, wannan ba adalci ba ne! Gidana taku ashirin ne daga masallaci! A sake!"

"Wa ya ce sau ɗaya tak, ba maimaici?"

"Ni ne, amma..."

"Wa ya ce shaida ya zauna inda ake saukar da baƙo?"

Saleh ya sosa ƙeya.

"Halas," in ji umda. "Unguwa ta fara daga harabar masallaci, tunda nan ni na ji da kunnena, ta ƙare a bangon Othman. Da la'asar zan rufe daftari. Gidan da na gani a ciki shi zan rubuta. A kawo min shayi."

Mutanen sandaƙa suka ɗauki Usman a kafaɗa, ana ta sowa. Ni kuwa ladan nake nema. Na hango shi ya kama hanyar gida shi kaɗai, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, bai ma sani ba. Na bi shi.

Shaidan da aka ba shi, Malam Adamu mai gyaran takalma daga Sa'alaba, mutum ne mai gaskiyar da ta yi yawa har ta zama fitina. Yana nan tsaye a ƙofa, ransa a jagule.

"Malam, ka gafarce ni," in ji shi. "Na kasa kunne iyakar iyawata. Akuya na ji, sai jirgin ruwa. Hajiya ta yi ta ce min ga shi can, ga shi can, har ta mintsine ni. Amma ba zan ɗaga tuta a kan abin da ban ji ba."

Ladan ya matsa bakin ƙofa. Ya leƙa cikin ɗaki. "Larai, ke fa?"

Inna Larai ta yafa mayafi. Ta fito ta wuce shi kamar ba da ita yake ba, ta tsaya a gabana. "Rafi'u, me umda ya ce? Faɗa min yadda ya faɗa, kar ka yi masa ado."

Na maimaita mata. Gidan da ya gani a ciki da la'asar, shi zai rubuta.

Ta juya ta dubi ɗakin, ta kai masa shuri a gindi, katako ya girgiza. "Sau biyar aka cicciɓi ɗakin nan don Saleh da 'yan'uwansa su ji daɗi. To yau a cicciɓe shi na shida don ni. Jeka ka kira maza."

"A kai shi ina, Inna?"

"Inda aka ɗauko shi."

Na ruga, ni da ban taɓa gudu ba tun da na sayi keken ɗinki. Kafin a jima maza sun fi talatin a wurin, da sanduna da igiyoyi. Waɗanda suka fi kowa ƙarfi su ne shaidun masu bulo, don sun ci sun ƙoshi sun yi barci. Aka fitar da randa da gado, aka zura sanduna ta ƙarƙashin bango. Da aka ce Inna ta fito, sai ta ce ita ba za ta taka rana a gaban maza talatin ba, ɗakinta ne, tare za su tafi.

Haka aka ɗaga sandaƙa sama kamar taku ɗaya, aka kama hanya, Inna Larai na tafe a ciki. Ba abin da ake gani nata sai ƙafafu da bakin zane, ga muryarta na fitowa ta tsagar katako. "Na hagu ku daina ja! Othman, goro ne kawai ka iya ɗauka? A hankali, tukunyata na kaina!" Mata suka fito suna guɗa. Ladan na biye a baya, ya rungume buta.

A gindin bangon masallaci, inda ɗakin yake shekaru talatin da suka wuce, yanzu motar Saleh ce ke shan inuwa. Direba ya tafi cin abinci, Saleh kuwa yana cikin waɗanda ba su iya tuƙi ba. Tunda hannu ya riga ya saba, sai aka ajiye ɗaki, aka cicciɓi motar ita ma aka kai ta rana. Sannan aka dasa sandaƙa a mazauninta. Umda ya zo da kofi a hannu, ya zagaya ta sau ɗaya, ya rubuta: arba'in da shida.

Zaɓen kansa bai ɗauki minti biyar ba. Usman ya ci da hannu arba'in da shida, kuma kafin mako ya zagayo ya fara tambayar farashin bulo. Saleh ya kira wani injiniya ya tambaye shi da gaske ko ana iya ɗaga gidan siminti. Daga baya shi da sauran sha takwas sun yi wata huɗu suna sintiri gaban tukubar tsire suna cewa "ya shehu", kafin a rubuta su a shafin ƙarshe. Mai neman alfarma ba ya tada zancen iƙamar kowa, don haka ba a sake jin wannan maganar ba.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai la'asar ɗin ranar ce. Lokaci ya yi, Malam Ɗan'azumi ya ajiye buta ya hau tsani. Muryar ta riga ta ƙare tun azahar, abin da ya rage bai fi kukan tsohuwar ƙofa ba. Ya dai kira har ƙarshe. Bayan salla ya zo ya tsaya a bakin ɗakinsa, ni ina gefe ina gyara igiyar randa. Inna Larai na zaune a kan tabarma tana share ido da bakin mayafi.

"Malam," in ji ta, "ashe haka muryar nan ta lalace?"

"Tun yaushe, Larai?"

"Shekara shida."

"Shekara shida kina ce min kwano na amsawa."

"Da na gaya maka, da ka daina hawa. In ka daina hawa kuma, me zan yi da kai a ɗaki wuni guda?" Ta ja hanci. "Yau dai na ji ka. Ba daɗi, amma na ji."

Tsohon ya zauna a bakin ƙofa, ya cire takalmin da ya rage masa a ƙafa. Ni dai hawaye suka zubo min, kuma na ji haushin kaina, don ba a san tela da kuka ba.

Ta miƙa masa kofin citta. "Sha. Magariba ta kusa, kuma yanzu ba ni da wurin ɓuya."